Kafin Ki Koma Kujerar Hagu

Kazaure.

Zuwa ga 'yata Bilkisu, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya tsare duk wanda zai zauna a bayanki cikin jirgi. Amin.

Kwanakin nan da kika yi mana a gida na so in zaunar da ke mu yi magana, amma gidan bai taɓa yin shiru ba. In ba 'yan uwan Innarki daga Roni ba, to maƙwabta ne suka shigo ganin Hanifa, 'yar da za ki bar mana. Kuma kin san halina, in na fara magana ido da ido sai in ɓuge da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na ɗauko biro. Zan ba mijinki Mustafa ya miƙa miki, ki karanta duk sanda kika sami sukuni.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinmu ba. Za ki tafi horo da jarrabawar zama kyaftin, karo na biyu ke nan. Shekaru kina kujerar dama, ta mataimaki, da igiya uku a kafaɗa. In Allah Ya yarda za ki koma ta hagu, inda maganar ƙarshe take bakin wanda ke zaune. Ni ban san komai a tuƙin jirgi ba. Malamin makaranta ne ni har na yi ritaya, keke da babur kaɗai na taɓa tuƙawa. Abin da nake da shi da zan ba ki guzuri shi ne kurakuraina, galibinsu a kanki na yi su, kuma babu wanda ba ki sani ba. Ina so dai ki ji su daga bakina, a jere, tare da abin da na koya.

Kin tuna sanda kika gama makarantar tuƙi kika dawo gida da lasisinki kika zauna. Damina ta wuce, wata ta zo ta same ki kina taya Innarki tsintar shinkafa. Duk wanda ya gamu da ni a hanyar masallaci sai ya tambaya, ina mai jirgi, har yanzu shiru? Tambayar ta fi damuna fiye da yadda take damunki. Sai wani kamfani ya yi shelar zai ɗauki sababbin matuƙa. Kika nema, aka kira ki. Kika ci jarrabawar rubutu, likita ya duba ki ya ce lafiyarki lau, kika shiga na'urar gwajin nan da aka ƙera kamar gaban jirgi kika fito. Saura ki zauna gaban manyan kamfanin su yi miki tambayoyi.

A nan ne na sa hannu a abin da ba a sa ni ba. Na je Babura wajen aminina Alhaji Sale mai hatsi, na ba shi labari. Yana zaune kan buhun gero ya ce, "Malam, a ƙasar nan ba a naɗe hannu a jira. Ina da mutum a Kano, shi kuma yana da mutum a kamfanin." Washegari muka shiga motarsa. Muka zauna falon mutumin har ƙafata ta yi tsami, ya fito, ya ji bayaninmu, ya ɗaga waya a gabanmu ya faɗi sunanki. Na dawo gida ina jin na yi abin da uba yake yi. Ban faɗa miki ba, ban faɗa wa Innarki ba.

Da kika dawo daga wurin tambayoyin kika durƙusa kika gaishe ni, ba ki tashi ba. Kika ce, "Baba, ka yi wa wani magana a kaina?"

Na ce, "Me ya faru?"

Kika ce, "Ina shiga, na tsakiyarsu ya duba takarduna ya ce, ke ce Bilkisun da aka yi mana waya a kanta? Daga nan duk amsar da na ba su sai in ji kamar ba tawa ba ce."

Ba su ɗauke ki ba. Har yau ban sani ba ko wayar ce ta hana, ko kuwa a ranar akwai waɗanda suka fi ki. Ke ma ba ki sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ne abin da na jawo miki. Da na bar ki, ko kin ci ko kin faɗi, da kin san matsayinki. Da wani kamfanin ya yi tasa shelar daga baya, Innarki kaɗai kika faɗa wa. Na tambaye ta ina kike, ta ce kin tafi Legas wani uzuri, ta ci gaba da abin da take yi. Sai da takardar ɗauka ta fito sannan na ji. Na ji ciwon ɓoye min da kuka yi, amma na san ni na saya wa kaina.

To Ummi, ki sani in kin zama kyaftin za a zo miki. Yaran garin nan da suka ga kin yi, da iyayensu, da ni kaina wataƙila in an matsa min. Za a ce ki yi waya. Kada ki kore su, kada ki ɗaure musu fuska, domin abin da ya kai ni falon mutumin Kano shi zai kawo su wurinki, kuma ba mugun abu ba ne, so ne da tsoro. Ki zaunar da yaron, ki faɗa masa abin da ake tambaya, ki nuna masa inda yake da rauni, ki ba shi littattafanki in yana so. Amma ki bar shi ya shiga ɗakin da ƙafarsa. Aikinku ba irin wanda ake riƙe wa mutum ba ne. Ranar da abu ya lalace a sama, babu wanda zai yi waya a kansa.

Kuskurena na biyu ya fi daɗewa. Da kika fara aiki, wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, Alhaji Sale ya zo, nake bayanin cewa ke mataimakiyar matuƙi ce. Ya gyara hula, ya ce, "Wato dai ita ce yaron motar?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna min. Tun daga ranar, duk wayar da muka yi sai na ƙare da tambaya ɗaya: yaushe za a ba ki kyaftin? Kin yi min bayani ba sau ɗaya ba. Kin ce sai mutum ya tara awoyin tashi, sai layi ya zo kansa domin akwai waɗanda suka riga shi shiga, sai gurbi ya samu, sai kyaftin-kyaftin ɗin da ya yi aiki da su sun shaide shi. Har kika ce, "Baba, ni ma fa tuƙi nake. In kyaftin ya tuƙa zuwa, sau da yawa ni nake tuƙowa dawowa." Na ce to madalla, amma kunnena bai ɗauka ba. A ganina kina bakin ƙofa ne, ba ki shiga ba tukuna.

Sai shekarar da na je Abuja ganin likitan ido. Ranar Juma'a zan dawo, domin bayan an sauko masallaci za a ɗaura auren ɗan Alhaji Sale a Babura, kuma ni ne wakilin ango, ni zan karɓa masa. Kika shirya yadda zan hau jirgin safe da kike ciki. Ranar na fara ganinki cikin kayan aiki kina tafiya tsakanin mutane, na yi kamar ban san ki ba don kada in ba ki kunya, amma Allah Ya san abin da ke zuciyata.

Tsakiyar damina ce. Muka doshi Kano, jirgi ya yi ƙasa har ina ganin rufin kwano da gonaki kore shar. Ta ɗaya tagar kuwa gari ya yi baƙi ƙirin. Ina gyara zama ina cewa mun iso, sai na ji injina sun ɗauki ƙara, bayana ya manne da kujera, gari ya fara nisa. Muka yi ta kewaye a sama, can muryar kyaftin ta ce hadari ya rufe filin, za mu koma Abuja. Jirgi ya kaure da gunaguni. Na kusa da ni ya ce matuƙan yanzu tsoro ya yi musu yawa. Ban ce masa 'yata ce a gaba ba. Na ma taya shi, domin a raina babu komai sai Alhaji Sale yana duban hanya.

Da muka sauka muna zaune muna jira, kika zo tare da kyaftin ɗin, wani dattijo mai furfura, mutumin kudu amma haihuwar Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ni. Muka gaisa. Ban bari gaisuwar ta huce ba na ce, "Amma dai mun ga gari da idonmu. Saura ƙiris fa."

Ya yi murmushi ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Malam, ni nake tuƙi, kuma ni ma na ga titin. Na so in sauka kafin hadarin ya rufe. 'Yarka ta ce iska ta juya, mu tashi. Na ɗan yi jinkiri, ta sake faɗa, da wata murya da ban san tana da ita ba. Da muka hau na ce ko mu jira mu sake gwadawa, ta nuna min man da ya rage da inda hadarin ya dosa. Ni na yanke mu koma, amma ita ta sa na gani da wuri. Ba kowane mataimaki ke iya yi wa mai furfura haka ba."

Na dube ki, kin sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi. Ban san abin da zai faru da kun sauka ba, wataƙila da lafiya lau za a yi. Amma na gane a ranar cewa shekarun da nake ta tambayar yaushe za ki fara, ashe kin daɗe da farawa. Aka ɗaura aure ba ni, ƙanin Alhaji Sale ya karɓa. Da na je ba shi haƙuri na ba shi labarin duka, sai ya ce, "Ashe yaron motar ma yana taka birki." Tun daga nan, duk zuwan da zai yi sai ya aiko miki da gero na kunu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, yanzu ke za ki yanke. Kuma kullum a bayanki akwai wani tsoho da ɗaurin aure ke jiransa, ko mai jinya, ko mai zuwa jana'iza. Uzurinsa gaskiya ne, kada ki raina shi. In kin juya da jirgi ki yi musu bayani da kanki, a natse, da yaren da za su ji, in da hali har da Hausa. Amma kada ki sauka don shi. Ko ni ne a ciki, ko Innarki ce. Mu ji haushi mu huce.

Kuskurena na uku shi ne wanda ya fi yi miki nauyi. Bara waccan da layi ya zo kanki kika kira ni kika ce, "Baba, an sa sunana. Amma don Allah kada ka faɗa wa kowa tukuna, horo ne, akwai jarrabawa a ƙarshe." Na ce to. Kafin a yi magariba duk sahun gaba na masallacinmu sun ji. Ban yi da niyyar saɓa miki ba, bakina ne ya ƙi rufuwa. Mako bai zagayo ba yara suka fara kirana Baban Kyaftin, ni kuma ina amsawa. Ranar kasuwar Gwiwa na hau babur na je na zaɓo rago fari, aka kawo shi aka ɗaure a gindin dalbejiyar tsakar gida, na ce na walima ne. Har hotonsa na sa aka tura miki kina can kina fama da karatu.

Sai wayarki ta yi shiru. Mustafa ne ya kira, ya gaishe ni ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba, ba a dace ba wannan karon. An ce ta koma kujerarta, sai an sake kira."

Sallah ta zo ba ki zo ba, kika ce aiki. Na yarda, ko kuma na so in yarda. Innarki ce ta ajiye min abinci ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ba aiki ba ne. Kunya ce, kuma kai ka ɗinka mata ita. Ta ina za ta shigo garin nan kowa yana ce mata kyaftin?" Ban iya cin abincin ba. Bayan Sallah na shiga mota na tafi Abuja ban sanar da ku ba.

Kin tuna zaman da muka yi a falonki. Kin kawo ruwa, kin kawo abinci, kin tambayi kowa da kowa har da ragon maƙwabta, don dai kada a zo kan maganar. Sai da na ce, "Uwata, zauna. Faɗa min yadda aka yi."

Kika ce a cikin na'urar gwajin an kashe miki inji ɗaya, an lalata yanayi, an yi ta jefo miki matsala kan matsala, kuma kin sauke jirgin daidai. Da kuka fito mai jarrabawar ya ce miki, kin sauke shi lafiya, amma ke kaɗai kike cikinsa. Mataimakinki ya yi miki magana ba ki ji ba, ba ki ba shi aiki ba, ba ki tambaye shi abin da yake gani ba. Ya ce hannunki ya isa na kyaftin, kunnenki ne da saura.

Na ce, "Ke da kika iya yi wa mai furfura magana, me ya hana ki jin na ƙasa da ke?"

Kika ce, "Tsoro nake in na tambaye shi a ce ban iya ba. Kuma Baba, wallahi duk sanda na rufe ido sai in ga ragon nan."

Muka yi dariya, ke da hawaye, ni ma ban tsira ba. Na ce ki yafe min, kika ce babu komai, kika rufe fuska da mayafi. A ranar na so in ba ki labarin rafin Gwiwa sosai, sai Mustafa ya shigo muka shiga wata hirar. Kin sha jin gutsurensa a bakin Innarki. Ga shi yadda ya faru.

Sanda aka ba ni shugaban makaranta a wani ƙauye bayan Gwiwa, na tarar da Malam Isiyaku a matsayin mataimaki. Ya girme ni, ya riga ni fara koyarwa, ɗan garin ne, kuma kowa ya ɗauka shi za a ba. Bai taɓa nuna min komai ba sai ladabi, amma ni duk maganar da ya yi sai in juya ta in nemi inda ƙaya take. In ya ce ga yadda aka saba yi, sai in ji kamar cewa yake ban san aiki ba.

Ranar da za mu kai 'yan aji shida Kazaure jarrabawar shiga sakandare, an kwana ana ruwa. Muka ɗauki ƙaramar bas, ni a gaba, shi a baya cikin yara. Muka iso rafin da ke tsakaninmu da babban titi, ya cika ya yi ja, yana tafe da karare. Direba ya tsaya ya dube ni. Malam Isiyaku ya matso ya yi ƙasa da murya don kada yara su ji, ya ce, "Ranka ya daɗe, da mun ɗan jira. Rafin nan ba ya daɗewa, yanzu zai sauka."

Na ji shi sarai. Amma abin da ya zo min shi ne, in na jira, za a ce sabon shugaba sai da Isiyaku ya nuna masa hanya. Na ce wa direba lokaci yana tafiya, mu shiga. Muna kaiwa tsakiya mota ta mutu. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, na ji bayan motar yana ɗan gocewa, yara suka fara kuka. Manoman da ke gona kusa ne suka yar da fartanya suka shigo ruwan, su da Malam Isiyaku da ni muka riƙa ɗaukar yaran a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kiyaye, ko takalmi ba mu rasa da yawa ba. Muna zaune a gaɓa muna matse kaya, ina kallo rafin ya sauka har duwatsun ƙasa suka fito, kamar yadda ya faɗa. Motar kuwa ta ƙi tashi. Sai a bayan wata motar itace muka ƙarasa, yara suka rubuta jarrabawa da ɗanyun kaya.

Malam Isiyaku bai taɓa tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi ransa. Da iyaye suka zo da faɗa, shi ya tare su ya ce ruwa ne, kuma ruwa ba ya shawara da kowa. Muka yi shekaru tare bayan haka, kuma ban sake yanke wani abu mai nauyi ba sai na ce, Malam, me ka gani? Ban ragu da komai ba don na tambaya. Makarantar ma sai ta fi tafiya daidai.

Kin ga ke nan abin da mai jarrabawar ya gani a wurinki ba daga nesa kika ɗauko shi ba. Saboda haka ki saurare ni a nan. Wanda zai zauna a damanki wataƙila ya girme ki, wataƙila yana ganin shi ya kamata a ba, wataƙila kuma yaro ne sabon ɗauka da muryarsa ba ta fita. Akwai ma wanda bai saba karɓar umarni daga mace ba. Kada ki tsaya neman wannan a fuskarsa, in kin nema za ki samu ko babu. Tun kafin a rufe ƙofa ki ce masa, in ka ga wani abu ka faɗa, in ban ji ba ka sake faɗa da ƙarfi. In ya yi magana a hankali, ki ɗauka ladabi ne ya rage masa murya, abin da ya gani bai ragu ba. Ki ba shi aikinsa ki bar shi ya yi. In ya yi daidai ki faɗa masa a gaban mutane, in ya yi kuskure ki bari sai ku biyu. Haka masu kula da fasinja, haka masu gyara a ƙasa. Kin san yadda kyaftin mai furfurar nan ya zo ya zauna kusa da ni ya ce ke kika gani kafin shi. Bai zama ƙarami a idona ba. Irin sa nake so ki zama.

Ragon kuwa kin san ƙarshensa. Da kika zo gida bayan wata biyu muka yanka shi, aka raba wa maƙwabta, babu wanda ya tambayi na mene ne, kuma ke kika fi kowa cin soyen.

Sauran ƙanana ne. Da aka ba ni shugabanci na ɗan fara shigowa gida da shi, ina magana kamar ina gaban taron yara, har ranar da Innarki ta ce, "Malam, nan ba makaranta ba ce, ka bar ta a zaure." Ke ma in kin dawo ki bar kyaftin a mota. Mustafa mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da tafiye-tafiyenki, ki riƙa nuna masa kin gani. Ki yi barci isasshe, kada ki ce za ki haɗiye littafi gaba ɗaya. In jikinki bai yi miki daidai ba ki faɗa, kada ki tashi da mutane don kunyar a ce kin gaza. Sallarki kuma kin san ba sai na ce komai ba. Hanifa tana hannun da ya rene ki, kada ki raba hankalinki biyu. Ta riga ta ƙwace min shimfiɗata ta ƙofar ɗaki, mun kuma daidaita.

Wannan karon babu wanda na faɗa wa. Alhaji Sale ya tambaya ina kika nufa da manyan jakunkuna, na ce aiki, ya dube ni ya yi dariya ya ce to Allah Ya taimaka. Ban je wurin kowa ba, ban ɗaure komai a tsakar gida ba. Wanda nake yi wa magana a kanki Shi kaɗai ne, sau biyar a rana, kuma Shi ba a jin kunyar roƙonSa.

Ina so ki tafi da sanin cewa ni na gamsu. Na zauna a ƙofar gida da yamma, jikata tana wasa a gabana, Innarki tana faɗan an bar mata ƙofa a buɗe, 'yata tana aikin da take so kuma ta iya shi. Ban san abin da zan ƙara roƙa ba. In an ba ki igiya ta huɗu, alhamdu lillahi. In an ce ki ƙara jira, ba a rage min komai ba, ke ma haka.

Ranar da aka gama, duk yadda ta kasance, kada ki bar Mustafa da nauyin waya. Ki kira da kanki. In kin ci, Innarki za ki fara kira, ita ta iya guɗa. In ba ki ci ba, ni za ki kira. Na koyi yin shiru, zan saurare ki har ki gama.

Allah Ya yi miki albarka, Ummina. Ya buɗe ƙirjinki, Ya daidaita hannunki, Ya ba ki abokan aiki na gari. Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce kada ki manta da yajin da ta sa miki a aljihun jaka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.